Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa Da Abin Da Ya Bar Mana

'Yan'uwa masu koyon aikin malanta a nan Gyallesu, darasinmu na wannan karo a kan wani malamin makaranta ne, wanda Allah ya ɗaukaka har ya zama Firayim Minista na farko a Nijeriya. Wajibi ne mu san shi, gama da allo da alli ya fara, kamar yadda mu ma za mu fara.

Bari mu leƙa Ingila tukuna, don mu sami abin gwadawa. A can, galibi 'ya'yan manyan gida ke riƙe da mulki, sai a 1924 Jam'iyyar Leba, watau ta ma'aikata, ta kafa gwamnati karo na fari, Ramsay MacDonald ya zama Firayim Minista. Shi kuwa ubansa ɗan ƙwadagon gona ne, uwarsa 'yar aikin gida, a wani garin masunta wai shi Lossiemouth, kuma yana saurayi ya yi aikin taimakon malami a makarantarsu. To, irin wannan ya auku a ƙasarmu.

An haifi Abubakar a 1912 a Tafawa Ɓalewa, cikin ƙasar Bauci. Ba ɗan sarki ba ne, mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala yaron hakimi ne. Ya yi karatu a garinsu da Bauci, sa'an nan a 1928 aka kai shi Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta ƙaura Kaduna, kana ta zo nan Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Da ya gama a 1933 sai ya koma Midil ta Bauci yana koyarwa, har ya zama hedimasta. A wannan zamani ne ya rubuta littafin nan Shaihu Umar, cikin gasar da Dakta East na Ofishin Fassara na Zariya ya sa, aka fitar da shi a 1934. A 1945 aka aika da shi Landan ƙarin ilmin koyarwa, shekarar da Jam'iyyar Leba ta sake karɓar mulki ƙarƙashin jagorancin Attlee. Da ya komo aka zaɓe shi Majalisar Arewa, kana a 1947 ya shiga Majalisar Dokoki ta Ikko.

A cikin Agusta 1950 ya yi abin da ya nuna ko shi wane ne. Ya miƙe a Majalisar Kaduna, ya nemi a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi, don talaka ya sami bakin magana a kan abin da ya shafe shi. A zamanin nan kuwa faɗin haka ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ba shi da gadon sarauta. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba, hujja ya jera kamar mai ba da darasi. Sarakuna da yawa ba su ji daɗi ba, amma ba a daɗe ba aka daina barin sarki shi kaɗai ya zama En'e, sai tare da majalisarsa.

A 1952 ya zama Ministan Ayyuka, bayan haka na Sufuri. Da fari yana shakkar ko ƙabilun Nijeriya za su iya zama ƙasa guda, ya kuwa faɗa a fili. Sai a 1955 ya tafi Amurka duba yadda jirage ke aiki a kogin Misisifi, ya ga mutane iri iri sun zama al'umma ɗaya, ya komo da wani ra'ayi dabam, bai kuwa ji kunyar bayyana shi ba. A 1957 ya zama Firayim Minista, shi ya karɓi mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960. A zamaninsa hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Bauci har ta kai Maiduguri a 1964, aka kuma soma madatsar ruwa ta Kainji. Ya yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin bom da take yi a Sahara, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a 1963.

Amma fa tarihi ba kirari ba ne, sai mu faɗi zaƙi mu faɗi ɗaci. Ko da shi ke ɗan talaka ne, jam'iyyarsa ta NPC ba ta ma'aikata ba ce, da sarakuna ta dogara, shugabanta kuwa Sardauna Ahmadu Bello ne. A Yuni 1964 ma'aikatan ƙasa duka suka yi yajin aiki wajen mako biyu, Michael Imoudu na cikin jagorori, domin gwamnati ta yi jinkirin ƙarin albashin da Hukumar Morgan ta ba da shawara. Ya ba su wa'adin su koma, suka ƙi, daga ƙarshe dai gwamnati ta zauna da su. Har wa yau, da zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965 ya jawo kisa da ƙone-ƙone, ya yi ta jira wai wutar ta mutu da kanta, alhali kuwa a 1962 ya taɓa kafa dokar ta-ɓaci a can. An ce mahaƙurci mawadaci, amma wanda gobara ta kama maƙwabcinsa ba haƙuri ake nema wurinsa ba, guga ake nema. Ran 15 ga Janairu 1966 sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Ikko, bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abekuta, aka kai Bauci aka binne.

An buɗe ginin kabarinsa a 1979. Mai shiga yakan bi wani dogon lungu mai duhu, yana hawa haske na ƙaruwa, har ya fito wani fili marar rufi inda kabarin yake, ba ado sai sararin Allah a bisansa. Masu tsaron wurin sukan ce duhun zamanin mulkin Turawa ne, hasken kuwa mulkin kai. Ban da wannan akwai jami'a mai sunansa a Bauci, da dandali a Ikko, ga kuma hotonsa a takardar naira 5. Amma abin da ya fi zama a bakin mutane shi ne, ya riƙe baitulmalin ƙasa shekara takwas da 'yan watanni bai tara dukiya ba, in ya sami hutu gonarsa ta Bauci yakan tafi, ya zauna bisa tabarma yana shan rake da 'ya'yansa.

To, 'yan'uwa, kowane ɗayanmu za a danƙa masa aji, da rajista, da kuɗin littattafan yara. Amanar da ke cikin waɗannan ita ce ta cikin baitulmali, girma kaɗai ya bambanta su. Mu koyi tsabtar hannunsa, da faɗin gaskiya da ladabi gaban manya, da sauya ra'ayi in hujja ta zo. Mu kuma kiyaye jinkiri a inda ake bukatar hanzari, ko rigimar yara biyu ce a bayan aji.

Ga tambaya biyu don muhawarar mako mai zuwa. Me ya sa maganarsa ta 1950 ta yi tasiri? Da kai ne a kujerarsa a 1965, me za ka yi?

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, mu kuma ya ba mu ikon riƙon amana, amin.