Darasin Rubutu: A Ba Barewa Bakin Magana

'Yan'uwa ɗalibai, yawancin labaran dabbobin da ake jefa mana a akwatin kulob tafiyarsu ɗaya ce: kura ta fito, akuya ta yi kuka, kura ta cinye ta. Ku ƙirga aikatau ku gani. Kura ta daka tsalle, ta cafke, ta yaga, ta lanƙwame. Akuya kuwa ta tsaya tana karkarwa, marubuci ya ce mata "baiwar Allah", shi ke nan.

Laifin ba na marubutan kaɗai ba ne. Harshenmu ma yana kiran barewa da gada da zomo "namun daji", wato tun suna numfashi an riga an ɗora musu tukunya. Amma Hausar nan ta ajiye wa wanda ake farauta kalmomi masu ƙarfi, mu ne ba ma ɗauka.

Ku duba "kwanton ɓauna", wanda muke ji a labaran rediyo. Ɓauna ciyawa take ci, ita ake farauta. Amma in maharbi ya ji mata rauni, takan shige duhuwa ta laɓe, ta bar shi ya biyo sawun jini, sannan ta auka masa. Ashe dabarar yaƙin da sojoji ke tsoro, sunan abin farauta take ɗauke da shi.

Haka "ta gudu" da "ta tsere masa" ba ɗaya ba ne. Na farko tsoro ne, na biyu gasa ce aka yi, barewa ta ci. Zomo yana zillewa, ya waske, ya ɓad da sawu. Gada tana sulalewa. Wata dabbar takan yi lamɓo kamar ta mutu har maƙiyi ya wuce, wata ta shammace shi. Kowace kalma a nan tana nuna an yi tunani kafin a motsa. Ko tsoron ma a ba shi dalili: kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Kuma in zomonku zai yi magana gaban manya, ku tuna ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.

Sai dai a bambanta dabara da zamba. Gizon da muka sani a gida, ko a Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, yakan juya zaki da giwa da baki kawai, amma yakan cuci har Ƙoƙi matarsa. A ganinmu ba shi ne abin koyi ba.

Mai farautar ma kada a mai da ita dodo. Tatsuniya ta laƙa wa kura kwaɗayi da tsoro, alhali kura mai dabbare-dabbare da kanta take farauto yawancin abincinta, kuma mata ne ke shugabantar garkensu. Ku rubuta "yunwa ta koro ta", za ku ga labarin ya yi nauyi.

Sai wurin da labari zai faru. Da yawanmu ba mu taɓa ganin barewa ba sai a Gidan Zoo na Audu Bako, to me zai hana mu rubuta dabbobin unguwarmu? Ga akuyar da ke kallon motar fatu tana shiga majemun Challawa. Ga balbela a bakin kwatamin Bompai. Ga tarwaɗa a Kogin Challawa, inda rafin Salanta ke kawo ruwan masana'antun Sharada. Maƙiyinta ba shi da farce ko haƙori, launin ruwa kawai ke canzawa. Wace kalma za ku ba ta? "Ta mutu", ko "ta ankara, ta tara 'ya'yanta, suka yi ƙaura"? Har kura ma takan zama abin ci: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda mahaifinsa ke dawowa daga aikin dare a kamfani ba sai an fassara masa wannan ba.

Aikin wannan mako: shafi ɗaya, dabba ɗaya daga Sharada, Challawa ko Bompai. A ba wadda ake farauta aikatau biyar nata na kanta, ban da "kuka" da "karkarwa". A rubuta suna da aji, a jefa a akwati. Uku da suka fi za mu liƙa su a nan.