Yadda ake tada kwamfutar da aka kulle faifanta idan ta ƙi tashi

A Gaya, kwamfuta daga hanya biyu take shigo mana: wasu ta Malanbil daga Kwatano, wasu ta Kamba daga Najeriya. Yawancinsu na hannu ne, kuma da dama faifansu a kulle yake, da BitLocker a Windows ko LUKS a Linux. Ranar da ta ƙi tashi, mai gyara sai ya ce a goge a zuba sabo. Kada ka yarda da wuri. Takardun fiton kaya da lissafin shago galibi suna nan lafiya, mabuɗi ne kawai bai shiga ba.

Fara da madannai, domin nan matsalar tamu ta fi yawa. Injin da ya biyo ta Benin tsarin Faransa gare shi, AZERTY, na Najeriya kuwa QWERTY. A Linux, lokacin da ake tambayar kalmar sirri, sau da yawa injin yana karanta madannai da tsarin Amurka, wato QWERTY, ko me aka zana a kansu. Ka danna Gaya, shi kuma ya karɓi Gqyq, kai ba ka gani tunda haruffan ɓoye suke. Haruffan A da Q suna musanya wuri, haka Z da W, M ma ta ƙaura. Lambobi sun fi rikitarwa: a AZERTY sai da Shift, a ɗayan ba a bukata. Gwada kalmar ta fuska biyun kafin ka kwance ko da ƙusa ɗaya.

In shuɗin allo ne na BitLocker, lambobi 48 yake nema. Abin da ke jawo shi galibi canji ne a BIOS: an kashe Secure Boot, an sauya jerin tashi, ko ƙaramin batirin CR2032 ya mutu saiti ya koma na asali. Mayar da saitin yadda yake, ka gyara kwanan wata. In bai wuce ba, shiga asusunka na Microsoft ta waya, galibi can lambobin suke. In asusun tsohon mai injin ne, gaskiya sai haƙuri.

A Linux, in ta tsaya a baƙin allo mai rubutun initramfs, sake kunnawa ka zaɓi tsohon kernel a jerin GRUB. In ya ƙi, tada ta da filash mai Ubuntu, ka buɗe faifan da cryptsetup open. Da zarar ya buɗu, kwashe takardunka zuwa wani faifan tukuna, gyara ya biyo baya. Sannan ka gwada lambar UUID da blkid ya nuna da wadda ke cikin /etc/crypttab. Harafi ɗaya ya saɓa, ba za ta tashi ba. Gyara, ka shiga da chroot, ka sake gina initramfs da update-initramfs -u.

Ranar da ta tashi, rubuta lambobin 48 a takarda, ko, in Linux ce, ka ajiye kwafin header na faifan da cryptsetup luksHeaderBackup. Mai sayen kwamfuta ta hannu kuma, ka sa a kashe ta a kunna a gabanka, a ba ka mabuɗinta kafin ka miƙa kuɗi.