Injin Wankinka Na Ƙara Kamar Jirgi Zai Tashi? Ga Yadda Za Ka Gano Matsalar

Yau mun ɗan ajiye waya da kwamfuta, mun leƙa kicin. Dalili kuwa, satin da na tare a wani ɗan gidan sama a Ingila, na sayo sabon injin wanki, na jona, na zuba kaya na koma falo. Da ya zo matse kaya sai na ji kamar ana rushe gini. Ina leƙawa na tarar injin ya baro wurinsa yana tafiya, maƙwabcina na ƙasa kuma yana buga ƙofa. Ashe notikan bayansa ne ban cire ba. Gyaran bai kai minti goma ba, amma saura kaɗan in biya kuɗin mai gyara.

Darasin dai guda ne: lokacin da ƙarar ke fitowa shi ke nuna inda ciwon yake. Don haka ka fara tsayawa ka saurara, lokacin wanki ne, ko lokacin zubar da ruwa, ko lokacin matsewa? Amma fa kafin ka sa hannu, ka zare fulogi daga soket, ka rufe famfon ruwa. Ruwa da lantarki ba a yi musu ganganci.

1. Duka da tsalle lokacin matsewa

In sabon inji ne mai ƙofa a gaba, leƙa bayansa. Kamfani kan ɗaure gangar da manyan notika, galibi uku ko huɗu, don kada ta yi ta kaɗawa a mota. Dole a kwance su da sifana kafin wankin farko. Ka adana su, ranar tashi daga gida za su yi maka rana.

In ba su ba ne, duba yadda ka zuba kaya. Inji da yawa na juyi 1200 zuwa 1400 a minti ɗaya wajen matsewa. Bargo ɗaya ko darduma, in ta sha ruwa ta dunƙule a gefe guda, kowane juyi sai gangar ta yi wurgi da wannan nauyin. Ka tsayar da injin, ka warware kayan, ka ƙara tawul biyu su daidaita nauyin. Haka babbar riga da zannuwan gado, kada ka cusa har ƙofa ta rufu da ƙyar.

Sai ƙafafu. Dafa kusurwa biyu masu kallon juna ka girgiza. In ya yi rawa, akwai ƙafar da ba ta taka ƙasa. Ana murza ƙafafun su hau ko su sauka, sannan a ɗaure notin da ke samansu. Masu iPhone, manhajar Measure tana da ma'aunin daidaito, ɗora wayar a kan injin kawai. A Android ma irinta na nan birjik.

Duk ka yi wannan dukan bai daina ba? To danna gangar ƙasa da hannu ka saki. In ta yi ta lilo ba ta tsaya nan take ba, shokazoba ɗin da ke riƙe ta daga ƙasa sun gaji. 'Yan uwa na Amurka masu inji mai murfi a sama, naku galibi sanduna huɗu ne masu sifirin ke rataye da gangar, su ma suna saki in sun tsufa.

2. Ƙarar ƙaf-ƙaf ko gurnani lokacin zubar da ruwa

Wannan kam laifin aljihunmu ne. Sulalla, fil ɗin hijabi, maɓallin riga, har guntun asuwaki, duk suna gangarawa su maƙale a famfon da ke fitar da ruwa. A yawancin inji mai ƙofa a gaba, akwai ɗan murfi a ƙasa ta gaba, matatar na bayansa. Shimfiɗa tsumma, kawo faranti mai ɗan zurfi. In akwai ɗan siririn tiyo a wurin, fara tsiyaye ruwan da shi. Sannan ka murza matatar a hankali ta hagu, ka kwashe dattin, ka haska tocila ka taɓa 'yar farfelar da ke ciki ka ga tana juyawa. Kada ka buɗe in wankin ruwan zafi aka yi, bari ya huce tukuna.

3. Ƙarar karta, kamar ƙarfe na gogar ƙarfe

Juya gangar da hannu. In ka ji ƙarar a wuri ɗaya kowane zagaye, wani abu ne ya shige tsakanin gangar ƙarfe da bahon da ke kewaye da ita, sau tari wayar rigar mama ko ƙusa. Haska ramukan gangar, ka kuma ɗaga leɓen robar ƙofa. In ka hango bakinsa, zaro shi da filaya.

4. Rugugi mai ƙaruwa da gudun inji

Nan ne maganar kuɗi take. Boris ɗin da ke bayan ganga ne, wanda ruwa ke shiga in robar da ke kare shi ta lalace. Gwaji biyu: juya gangar babu kaya, in ka ji gurrr kamar da yashi a ciki, alama ce. Sannan kama leɓen gangar ta sama ka ɗaga, in tana motsi ita kaɗai ba tare da bahon ba, boris ya tafi. Wani lokaci har tabon tsatsa za ka gani a kaya. Inji da yawa na yanzu bahonsu a liƙe yake, ba a canza boris sai da bahon gaba ɗaya. In injin ya tsufa, ka kwatanta kuɗin gyara da na sabo kafin ka yanke shawara. Kuma kada ka ce bari ya ƙara wata shida, don yana iya cinye sandar gangar.

Kukan tsiii kuwa lokacin da ganga ta fara juyi, yawanci bel ne ya saki ko ya cinye, kuma canza shi ba tsada.

Abu biyu kafin mu rufe. In injin na da garanti, tsaya a kan ƙafafu, matata da notikan baya, kada ka kwance murfi, kira kamfanin. In kuma na mai gidan haya ne, ɗauki bidiyon ƙarar da wayarka ka tura masa a rubuce tun da wuri, kada daga baya a ce kai ka ɓata a zabtare maka kuɗin ajiya. Wannan bidiyon zai taimaki mai gyara ma ya taho da kayan da suka dace.

A bidiyon wannan makon mun buɗe matatar a gabanku, ku je ku ga abin da ya fito daga ciki. Wanda nasa ke wata ƙara daban, ya faɗa mana lokacin da take fitowa, in sha Allahu za mu duba tare. Sai mun haɗu a na gaba.