Darasi: Shuka Yakuwa a Bayan Ɗaki

'Yan'uwa, a ƙasar Gagarawa da Gumel da Sule Tankarkar yawancinmu mun san zoɓorodo a matsayin amfanin sayarwa. Ana cika buhu a kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis, daga nan wani ya bi hanya har ƙasar Meksiko, inda ake shansa kamar yadda muke sha. Amma gida nawa ne ke barin ko da kunya biyu domin tukunyar miya?

Yakuwa ba ta da wuyar sha'ani. Tana jure ƙasarmu mai yashi, abin da ba ta so shi ne kwanciyar ruwa. Idan damina ta zauna, wajen watan Yuni ko Yuli, a zuba taki wanda ya ruɓe sosai, a sa gurguzu uku a rami marar zurfi, a bar taku biyu tsakanin ramuka. In sun tsiro a cire raunana. A kewaye wurin da ƙaya ko zana, gama akuya ba ta san na maƙwabci ba. Kada a maimaita ta inda aka yi kuɓewa ko tumatir bara, domin tsutsar da ke kumbura saiwa tana kama su duka.

Bayan kamar mako 6 za a iya soma tsinkar ganye domin miya ko fate. A riƙa ɗiba kaɗan daga kowace, kada a tsige ta, in ba haka ba zoɓorodon zai ragu. A shanya wani ganyen a inuwa a ajiye saboda bazara, lokacin da ganye ke tsada, yara kuma suna bukatarsa.

Fure yakan fito wajen Satumba zuwa Oktoba. Bayan mako 3 da faɗuwarsa sai a ɓare, a shanya bisa tabarma, ba a ƙasa ba. Gurguzun kuma kada a zubar: shi ne irin baɗi, da shi ake daddawar batso.

Zoɓo yana rage hawan jini kaɗan. Saboda haka mai shan maganin hawan jini da mace mai ciki su tambayi ma'aikacin lafiya kafin su yawaita sha, kada kuma wani ya ajiye maganinsa ya dogara ga zoɓo. A dafa shi da ruwa mai tsabta, a rage sukari.

Don tattaunawa a ƙungiyarku: wa ke da gurguzu mai kyau da zai raba wa gwauraye kafin ruwa ya sauka?