Ina Mutumin Ƙaramin Gari Zai Nufa In Damuwa Ta Yi Masa Yawa?

Jama'a da yawa sun ɗauka cewa mai ciwon ƙwaƙwalwa shi ne kawai wanda ake gani yana yawo cikin kasuwa da tsumma. Alhali kuwa galibin masu fama da shi suna cikin gidajensu, kamar magidancin da barci ya ƙaurace wa wata da watanni, ko mai jegon da ta daina cin abinci sai kuka, ko saurayin da ƙwaya ta kama. Sau da yawa abin da irin waɗannan ke bukata shi ne zama da ma'aikacin lafiya wanda ya san aikin, ya saurare su, ya ba su shawara, in ta kama a haɗa musu da magani. Abin da kan hana su kuwa shi ne nisa da rashin kuɗi.

Gwamnatin Tarayya tana da manyan asibitocin ƙwaƙwalwa a wurare irin su Kaduna, da Kware ta Jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Yaba ta Ikko, da Aro ta Abeokuta, da Inugu. Amma ba nan ne ya kamata mutumin ƙaramin gari ya fara dosa ba. Tun 1991 aka sanya kula da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci na matakin farko, ko da yake har yanzu ba kowannensu ke da wanda aka horar a kan wannan fanni ba.

Game da kuɗi kuwa, dokar 2022 ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, watau NHIA, a madadin tsohon shirin NHIS. Dokar ta ambaci masu taɓin hankali cikin marasa ƙarfin da za a tallafa wa. Jihohi ma suna da nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya, inda manomi ko ɗan kasuwa zai iya yin rajista.

Ga inda mutane suka fi yin asara. Duk wanda ya yi rajista akwai asibitin da ya zaɓa, wanda sunansa ke cikin takardunsa, kuma lalle ne ya fara daga nan. In ciwon ya fi ƙarfinsu, su ne za su rubuta masa takardar turawa zuwa babban asibiti, a kuma samo lambar amincewa daga masu biyan kuɗin. Wanda ya yi gaban kansa ya hau mota zuwa Kaduna ko Kware ba tare da wannan takarda ba, yana iya tarar da cewa katinsa bai amfane shi da kome ba, sai ya biya daga aljihunsa bayan wahalar tafiya.

Saboda haka kafin a tashi, sai a tambayi jami'in inshora na asibitin, shin can ɗin da za a je suna karɓar irin wannan kati? Shirin yana biyan kuɗin zaman shawara ne, ko kuwa ganin likita da magani kaɗai? Abin da ake biya ya bambanta daga shiri zuwa shiri. Ma'aikacin Gwamnatin Tarayya, alal misali, yakan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. A kuma tambayi ranar da likitan fannin yake zama, don wasu asibitocin sun keɓe masa rana ne a mako.

Masu jin kunyar kada maganarsu ta fita gari su sani cewa Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1958, ta wajabta riƙe asirin majiyyaci, ta kuma hana a wulakanta shi.

Amma fa idan mutum ya fara zancen halaka kansa, ko ya zama haɗari ga wasu, to ba a jiran wata takarda. Sai a garzaya da shi asibiti mafi kusa, wani ɗan'uwa ya zauna tare da shi, a kuma kawar da wuƙa da igiya da maganin ƙwari daga inda yake.