ƊINKIN TUFAFI A GIDA: SHIRI KAFIN YANKA

Kowace shekara, in watan Disamba ya kama, mu kan ga yadi ya taru a shagon tela har ya rasa wurin zama. Ya yi wa wannan alkawari, ya yi wa wancan, ga kwanaki suna ƙarewa. Daga baya sai a ga yaro ya shiga Kirsimeti da tsohuwar riga, sabon yadinsa kuwa yana can a ƙunshe, ba a ko taɓa shi ba. Ba mu ce a rabu da teloli ba. Babbar riga da kwat sai gwani. Amma rigar yarinya, da kalmasar zane, da facin wando, waɗannan duka muna iya yinsu a gida da maraice, mu ji daɗin aikin, kuɗin kuma ya zauna a hannunmu.

Kada maza su ce wannan darasi na mata ne. A ƙasar Hausa tun dā mata su ke kaɗi, amma ɗinki da aikin wuyan riga maza ne su ke yi. A shekara ta 1851 wani Bajamushe mai yawon duniya, Heinrich Barth, ya sauka Kano, ya rubuta cewa tufafin da a ke saƙawa a rina a can suna kai wa har Timbuktu da Tarabulus. Duk ɗinkinsu da hannu a ke yi. A cikin wannan shekara kuma Isaac Singer ya fito da keken ɗinkinsa a Amurka. Keke ya sa aiki ya yi sauri, amma bai sāke abu guda ba: riga tana gyaruwa ko ta lalace tun kafin allura ta taɓa ta. Ɗinkin da ya karkace a kan farke shi a sāke. Yadin da aka yanka ba daidai ba kuwa ba ya komawa. Saboda haka yawancin darasin nan a kan shiri ne. Za mu ɗauki misalin rigar yarinya mai shekara shida, marar hannu, gama ita ce mai sauƙi ga mai koyo.

1. Kayan aiki

Ga abin da mu ke bukata: allura, da zare mai launin yadin, da tef na awo, da alli, da fil na kama yadi, da dutsen guga, da babbar takarda irin ta jarida, da almakashi mai kaifi. Almakashin yadi na yadi ne kaɗai. In yara sun ɗauka sun yanka takarda ko igiya da shi, zai dakushe, sa'an nan ya riƙa taunar yadi maimakon yanka. Mu samo akwati ko kwano mai murfi mu tara kayan nan wuri ɗaya, inda ƙananan yara ba za su kai ga allura ba.

2. Awo

Kada mu dogara ga ido. Mu tsai da yarinyar ta miƙe sosai, mu zagaya ƙirjinta da tef a ƙarƙashin hammata, ba tare da matsewa ba. Sa'an nan mu auna daga kafaɗa zuwa gwiwa. Mu rubuta a littafi nan da nan, tare da kwanan wata, gama yara suna girma, awon bara ba ya yi wa bana.

A ce ƙirjin inci 24 ne, tsawon kuma inci 24. In mun ɗinka rigar inci 24 daidai, yarinyar ba za ta iya ɗaga hannu ba. Sai mu ƙara inci 4 domin sakewa, ya zama 28. Mu raba 28 gida huɗu, ya ba mu inci 7. Dalilin rabawar shi ne, riga tana da gaba da baya, kowanne kuma za mu yanka shi a ninke, watau kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai za mu zāna.

3. Zāne a takarda

Tun shekara ta 1863 wani tela a Amurka, Ebenezer Butterick, ya soma sayar da siffar tufa da aka yanka a takarda, girma dabam dabam, domin masu ɗinki a gida. Mu ma muna iya yin tamu da tsohuwar jarida. Mu ja miƙaƙƙen layi a gefen takardar, shi ne tsakiyar rigar. Daga layin mu auna inci 7 a wurin ƙirji, da inci 10 a ƙasa domin rigar ta buɗe, yarinyar ta iya gudu. Domin siffar wuya da ta hammata, mu ninka wata rigar da ta yi mata daidai, mu ɗora a kan takardar mu bi bakinta da fensir. Wuyan gaba ya fi na baya zurfi.

Yanzu mu ƙara rabin inci a kafaɗa da gefe domin wurin ɗinki. A layin tsakiya ba a ƙara kome. A ƙasa kuwa mu ƙara inci 3 domin kalmasa. Wannan babbar kalmasa ajiya ce: baɗi in yarinyar ta yi tsawo, sai mu warware ta mu sauko da ita, rigar ta ƙara shekara.

4. Yadi nawa za mu saya?

Yadi ɗaya inci 36 ne, watau wajen santimita 91. Faɗin atamfa ya kan kai inci 45 ko ya ɗan fi. Tsawon takardarmu inci 27 da rabi ne, faɗinta inci 10 da rabi. In mun ninko bakin yadin na dama da na hagu suka haɗu a tsakiya, za mu sami ninki biyu, kowanne ya ɗara inci 11. Gaba ya fita a ɗaya, baya a ɗayan. Ashe yadi ɗaya ya isa, har da saura wajen inci 8. Wanda ya yi wannan lissafi tun a gida ba zai sayi biyu inda ɗaya ya isa ba. Mai koyo ya fara da yadin auduga mai araha. Leshi da yadi mai santsi su jira sai hannu ya faɗa.

5. Wanki kafin yanka

Nan ne mutane da yawa su kan yi hasara. Yadin auduga ya kan tsuke a wanki na fari. In mun ɗinka kafin mu wanke, rigar da ta yi daidai ran Lahadi za ta matse bayan wanki ɗaya. Mu wanke sabon yadi shi kaɗai, gama wani ya kan zuba. Mu shanya a inuwa, mu goge shi ya kwanta sarai.

Mu lura kuma da yadda aka saƙa shi. Akwai zaren da ya bi tsawon yadin, akwai wanda ya gitta. Na tsawon ya fi ƙarfi, ba ya miƙewa sosai, shi ya sa tilas tsawon riga ya bi tsawon yadi. In an yanka a karkace, rigar za ta riƙa juyawa a jiki, gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka. In atamfar tana da zānen tsuntsu ko fure mai sama da ƙasa, mu duba kada na gaba su tsaya daidai, na baya kuwa kansu a ƙasa.

6. Yanka da ɗinki

Mu shimfiɗa yadin a tebur ko a tabarma mai tsabta. Mu ɗora layin tsakiya na takardar daidai a kan ninki, mu kama da fil, mu bi da alli. Kafin mu ɗauki almakashi, mu sāke aunawa sau ɗaya. Sauri ya haifi nawa.

Bayan yanka, mu tsaga tsakiyar wuyan baya inci 4 domin kai ya shiga. A nan maɓalli zai zauna. Mu haɗa gaba da baya, fuska da fuska, mu kama kafaɗu da gefuna da manyan ɗinki na hannu masu sauƙin cirewa. Sa'an nan mu kira yarinyar ta gwada. In akwai gyara, yanzu ne lokacinsa.

In muna da keke, allura mai lamba 14 ta dace da yadin auduga, ɗinki kuma ya zama kamar 10 ko 12 a cikin inci ɗaya. Keke da zare biyu ya ke aiki, na sama da na ƙasa, suna sarƙewa a tsakiyar yadin. Mu gwada a ƙyalle tukuna. In mun ga zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashi, yawanci na sama ne ya yi sako-sako, ko ba a zura shi daidai ba. In ba mu da keke, hannu ya isa: mu riƙa komar da allura baya zuwa inda ɗinkin da ya wuce ya ƙare, sa'an nan mu fito da ita gaba. Irin wannan ɗinki yana da ƙarfi ƙwarai.

Wuya da hammata zagaye su ke, miƙaƙƙen ƙyalle ba zai kwanta a kansu ba. Daga sauran yadin nan mu yanka sirara a karkace, faɗin inci 1 da rabi, mu haɗa su su yi tsawo. Abin da aka yanka a karkace yana miƙewa, zai bi zagayen ya rufe bakin da kyau. Mu goge kowane ɗinki da mun gama shi, kalmasar ƙasa ta zama ta ƙarshe.

Rigar fari ba za ta yi kyan ta tela ba, kada wannan ya karya mana zuciya. Ta biyu za ta fi ta. Wanda ya iya kuma ya zaunar da 'ya'yansa, maza da mata, ya koya musu, ya tuna da maƙwabcin da ba shi da kuɗin ɗinki.

Aikin wannan wata

(a) Mu auna yaro ɗaya na gidanmu, mu rubuta awon da kwanan wata.
(b) In ƙirjin yarinya inci 28 ne, inci nawa za mu auna daga layin tsakiya kafin mu ƙara wurin ɗinki?
(c) Don me a ke wanke sabon yadi kafin a yanka?
(d) Mu yanka siffar rigar a takarda, mu ɗora a jikin yarinyar mu gani, tun ba mu je kasuwa ba.