Gishiri da Ruwa a Madubin Idon Kwaɗo

Da zarar damina ta kankama, kududdufai da fadamun Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa kan cika da kukan kwaɗi. Ba kowa ya san cewa masana sun daɗe suna amfani da idon dangin waɗannan halittu ba wajen binciken yanar ido, cutar da ta fi kowace makantar da mutane a duniya.

A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai mai tattara haske. Ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, daga ruwan da ke kewaye da shi yake samun abinci. Na kwaɗo mulmulalle ne, babba, kuma yakan rayu sa'o'i da dama cikin ruwan gishirin da Sydney Ringer ya haɗa a shekarun 1880.

Gishirin miya haɗin sodiyam ne da kuloraid. Idan ya narke sai su rabu, kuloraid ya ɗauki cajin lantarki na ragi. To, cikin madubin ma cajin ragi gare shi, kimanin milibolt 70, kuma masu caji iri ɗaya korar juna suke yi. Shi ya sa kuloraid ɗin da ke cikin ƙwayoyin madubin bai kai na waje yawa ba.

A wajen 1970, George Duncan ya bi sawun sodiyam da kuloraid a madubin kwaɗo a Ingila. A irin wannan gwaji akan jiƙa madubin cikin ruwa mai kuloraid-36, wanda na'ura ke iya ganowa, sannan a auna fitarsa. Wani kaso kan fita da sauri, wato na tsakankanin ƙwayoyin, saura kuwa sannu a hankali, domin sai ya ratsa fatar ƙwayar.

Muhimmancin wannan shi ne, duk inda gishiri ya nufa ruwa na biye da shi. Lokacin da aka toshe kafofin kuloraid a madubin ɓera, sai ƙwayoyin suka kumbura, jerinsu ya wargaje, madubin ya dushe. Kwatankwacin wannan kumburi ake gani a yanar idon masu ciwon sukari, inda sinadarin sobitol ke taruwa ya jawo ruwa. Idan yana ta kafu, magani na ɗigawa ba ya wanke ta, sai tiyata, a cire madubin a sa na roba.